Takun da Ba Nawa Ba

A shekarar da matata take da cikinmu na fari, likita ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa, sai in riƙa motsa jiki. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Wudil, kuma ban ga yadda za a yi in saka gajeren wando in kama gudu a bakin titi ba, ɗalibaina suna wucewa a kan keke suna gaishe ni. Sai na tuna wani wasa da na taɓa yi a ɗakin wani abokina muna jami'a. Na ba da saƙo aka sayo min kayansa a Kano.

Tabarma ce ta roba, faɗinta kamar an haɗa sallaya biyu, an zana mata kibiya huɗu: gaba, baya, hagu, dama. Ana jona ta da kwamfuta. In kiɗa ya tashi, sai kibiyoyi su riƙa tasowa daga ƙasan allon suna hawa sama, kai kuma ka taka wadda ta iso daidai lokacin isowarta. Ka dace a ba ka maki, ka makara ko ka yi gaggawa a hana ka. Waƙoƙin da suka zo da wasan duk na waje ne, sati uku suka gundure ni. Daga baya na gano ashe mutum yana iya ɗora kiɗan da yake so, ya zauna ya jera kibiyoyin da hannunsa, bugu bayan bugu. Wannan jerin shi nake kira tsarin taku.

Nan fa abin ya kama ni. Rawar ma ta zama ta biyu. In na dawo daga makaranta na ci abinci, sai in saka iyafis a kunne, in ɗauko littafin lissafi mai gida-gida, in yi ta maimaita kiɗa ɗaya ina ƙirga bugunsa ina zana kibiyoyi da fensir, kafin in shigar da su kwamfuta. Kiɗan kalangu da kiɗan ƙwarya na fi so, waɗanda wani mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa yake zuba min a waya. Kiɗan minti uku yana iya cin min sati guda. In na gama sai in tura wani zaure a intanet na masu irin wannan sha'awar, yawancinsu mutanen ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Mutum biyu ko uku su sauke, ɗaya ya ce ya gode, shi ke nan.

Da cikin ya shiga wata bakwai, Gwaggo ta zo daga Kausani ta zauna da mu har a haihu. Ƙanwar mahaifina ce, ta haura sittin, kuma a danginmu in tana wuri kowa yana gyara zama. Ranar da ta fara ganina a kan tabarmar, tsayawa ta yi a bakin falo da buta a hannu.

"Innalillahi. Yanzu kai da gemunka?"

"Gwaggo, likita ne ya ce in motsa jiki."

"Likitan ne ya ce ka yi tsallen kwaɗo? In motsi kake nema, ga gonar ubanka can ciyawa ta cinye."

Tun daga ranar na koma rufe ƙofar falo in zan yi, in kuma rage sauti.

Akwai wani kiɗan ƙwarya da na sha wahalarsa. Ranar Lahadi na gama tsara shi, ban sake buɗe shi ba, ranar Laraba na tura zauren. Washegari lokacin tara ina zaune a ofishin malamai na duba waya, sai na ga saƙonni sun fi goma. Ban taɓa samun haka ba. Wannan ya ce takun yana tafiya da jiki kamar ruwa. Wancan ya ce bai taɓa ganin aikina ya yi kyau haka ba. Wani kuma ya rubuta doguwar magana yana yabon filin da na bari a tsakiyar kiɗan, ya ce a nan ya gane na san abin da nake yi.

Wane fili? Ni ban bar fili ba.

Ina komawa gida, ko riga ban cire ba na buɗe kwamfutar, na ajiye littafina a gefe ina gwadawa layi-layi. Ba aikina ba ne. Ko in ce nawa ne, amma an bi shi an yi masa aski. Duk inda na saka tsalle, wato hagu da dama a taka su lokaci guda, an cire, wuri goma sha huɗu, an maye su da ƙananan taku bi-da-bi. A tsakiya, inda matan suke ɗaga murya, an share bugu takwas cur, babu kibiya ko ɗaya. Na duba jerin maki, sai ga wani a saman nawa, da tazara mai yawa.

Wanda zuciyata ta fara kawo min shi ne malamin kimiyya na makarantarmu. Abokina ne, kuma ranar Litinin ya ari kwamfutar ya buga tambayoyin jarrabawa, ya dawo da ita da yamma. Ba sai da tabarma ake wasan ba, da yatsu ma ana yi. Kwana biyu ina kallonsa. In ya yi dariya a ofis sai in ga kamar da ni yake. In yana ƙwanƙwasa tebur da biro sai in kasa kunne ko kiɗan nan ne. A rana ta uku na tare shi a gindin darbejiyar da muke ajiye babura.

"Malam, ashe kai ma gwani ne ka yi shiru."

"Gwanin me?"

Na yi masa bayani ina kallon idonsa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

"Wai rawa kake yi a gida? Kai?"

Na ga na tona wa kaina asiri a banza. Da ya gama dariyarsa ya ce in dai ina son sanin gaskiya, kwamfuta tana rubuta ranar da aka taɓa kowane fayil da lokacin. Ya nuna min inda ake dubawa. Na duba da na koma gida. Talata, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe. A lokacin ina gaban allo ina koyar da 'yan aji biyu, malamin kimiyya yana ajin da ke kusa da nawa ina jin muryarsa. Kwamfutar kuwa tana gidana.

Gidan namu a Sabon Gari yake, ɗaki biyu da falo, da ƙofar ƙarfe ɗaya. In na fita mutum biyu nake bari. Matata ta iya kwamfuta, ta ma fi ni saurin bugu, amma cikinta ya kai in za ta tashi sai ta dafa bango, ƙafafunta sun kumbura ko silifas ba ya shiga. Ita kuma Gwaggo wayarta ma sai an danna mata. Ga shi kuma na lura an taɓa tabarmar, don ba yadda nake naɗe ta aka naɗe ba. To, wa ya rage?

Abin da zan faɗa yanzu ba na jin daɗin tuna shi. Zuciyata ta raya min akwai mai shigowa gidan in ba na nan. Na yi a'uziyya, tunanin ya tafi, ya sake dawowa. Da yamma muna zaune a tsakar gida na ce da matata, kamar ba komai:

"An yi baƙi ne ranar Talata?"

"Baƙi kamar su wa?"

"A'a, tambaya dai na yi."

"To, ni ban ga kowa ba."

Ta ci gaba da gyaran zogalenta. Na riƙa juya amsar a raina. Me ya sa ta mayar min da tambaya? Me ya sa ba ta ɗago kai ba? Gwaggo tana gefe tana jan carbi, ita ma ba ta ce uffan ba, kuma Gwaggo ba ta barin magana ta wuce ba ta saka baki ba.

Washegari na yi abin da ya fi wannan muni. Na tsaya wajen mai shagon da ke kallon ƙofarmu, na sayi sabulun da ba na buƙata, muka gaisa, na tambayi iyali da kasuwa, sannan na ce ko yana ganin masu shiga gidana da hantsi.

"Mai ruwa dai, a bakin ƙofa yake tsayawa. Sai 'yar Fulanin nan mai nono. Lafiya dai ko, Malam?"

Na ce lafiya ƙalau. Na tafi ina jin idonsa a bayana.

Daga nan na shiga ɗana tarko. Na naɗe tabarmar na saka tsinken tsintsiya a cikin naɗin. Na dawo na tarar da tsinken yana nan, amma kansa ya juya, gindin yana inda na bar bakin. Wato an buɗe, an gan shi, an mayar. Wannan ya fi tayar min da hankali, don yana nufin wanda nake nema ya san ina nemansa. Na saka wa kwamfutar lambar sirri. Kwana huɗu ba a taɓa komai ba, gidan kuma ya yi wani irin shiru. Matata ta rage magana. Gwaggo ta ce miyar da aka yi ba ta da daɗi, ta ce ƙofar banɗaki tana ƙara, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin gida mai zafi irin namu ba. A rana ta biyar na cire lambar, don na ga toshe hanya ba zai faɗa min ko waye ba.

Sai na yi wata dabara. Na ɗauki wani kiɗan kalangu na tsara shi da gangan, na cika shi da tsalle, kusan kowane bugu huɗu sai an ware ƙafa. Na ajiye shi a inda za a gani. Kwana biyu aka ɗauka. A na uku na dawo na tarar an yi masa irin askin da aka yi wa na farko.

Wannan karon ban tsaya gwada shi da littafi ba. Na rufe falo na shimfiɗa tabarmar na taka shi da kaina. Sau uku na yi. Abin haushi, ya fi nawa daɗi nesa ba kusa ba. Ƙafa ɗaya tana miƙa wa ɗaya, ba inda za ka harɗe. Da na iso filin da aka bari, sai na ji kafaɗuna suna son motsi da kansu, jikina yana neman juyawa. Ashe ba fili ba ne, wurin juyi ne. Na kuma lura tun daga farko har ƙarshe ƙafafuna ba su taɓa rabuwa da juna da nisa ba. Na buɗe ƙofa ina haki, sai ga matata za ta wuce kicin, tana tafiyarta a hankali, zani ya ɗaure ta har idon sawu. Na tsaya ina kallon yadda take ɗaga ƙafa. Mai wando ba ruwansa da tsalle. Wanda ya cire tsallen nan zani yake ɗaurawa.

Na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, nan take kuma wani ya hau. Na bi ta kicin na ja ƙofa.

"Ke, da wannan cikin kike hawa tabarmar nan? So kike ki kashe kanki?"

Ta ajiye ludayi, ta ɗan ɗage zaninta ta nuna min ƙafarta.

"Dubi nan. Da wannan zan yi rawa?"

"To wa ya taɓa min aiki?"

"Ni ce."

"Ke?"

"Ni na goge, ni na saka. Wata nawa ina kallonka kana yi? Wani abin wuya ne?"

"To wa yake faɗa miki inda za ki goge? Wa yake takawa?"

"Ni dai ka tambaye ni wanda ya taɓa, na faɗa maka. Sauran na yi alkawari."

Na buɗe baki zan matsa mata, ta riga ni.

"Malam, ka je wajen mai shago kana tambayar masu shigowa gidanka. Matarsa ta zo har nan ta faɗa min, wai tana yi min jaje. Shekara biyu ina gidan nan. Wa kake zaton yana shigowa?"

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Na ba ta haƙuri, ta ce ya wuce, amma ba a ranar ya wuce ba. Ya fi sati tana ajiye min abinci ta tashi, in na yi magana ta amsa da kalma ɗaya. Na sani ni na jawo.

Yanzu lissafin ya zama mai sauƙi, mutum ɗaya ya rage. Amma hankalina ya ƙi ɗauka. Matar da ta taɓa sa aka kashe rediyo a gidan suna don an saka kiɗa? Na koma kallonta. Na ga tana shafa man zafi a gwiwa da yamma, amma ai tsofaffi duk suna shafawa. Na ga wata rana tana tankaɗe, yatsun ƙafarta suna ɗan motsi a ƙasa, da ta ga ina kallo ta ja zani ta rufe. Ko ƙuda take kora? Na gaishe ta da safe na ƙara da cewa, "Ya ƙafa, Gwaggo?" Ta ce, "Me ya sami ƙafar?" tana kallona ido cikin ido har sai da na sunkuyar da kai.

Wata Laraba na ce wa shugaban makaranta kaina yana ciwo, na fito ƙarfe goma sha ɗaya. Na kashe babur tun daga kwanar layinmu na turo shi da hannu. Mai shago yana kallona, na yi kamar ban gan shi ba. A bakin ƙofa na tsaya. Kiɗan ƙwarya yana tashi ƙasa-ƙasa daga ciki, kuma a ƙarƙashinsa akwai wani sauti, dif, dif-dif, dif, na ƙafa a kan roba. Ba kuskure ko ɗaya. Na ji matata ta yi wata 'yar dariya ta ce, "Saura kaɗan." Sannan na tura ƙofar, ita kuma ta yi ƙarar da ta saba, wadda ake ji har layi na biyu.

Kafin in jingine babur in yi sallama in shiga, kiɗan ya mutu. Matata tana kan kujera da kwamfuta a gabanta, wai hoton kayan jarirai take dubawa. Tabarmar tana bayan kujera a naɗe, naɗin gaggawa. Gwaggo kuwa tana zaune a kan sallaya da carbi, gumi yana bin wuyanta, ƙirjinta yana hawa yana sauka. Sallayar ma ba gabas ta kalla ba.

"Sannu da gida, Gwaggo."

Ta ɗaga min hannu alamar in jira, ta ja carbi ya kai goma kafin numfashinta ya daidaita.

"Lafiya ka dawo yanzu? Ko korar ka aka yi?"

"Kaina ne yake ciwo."

"Ba dole ba. Mutum kullum abu a toshe a kunne."

Tambayar tana bakina. Amma ta yaya mutum zai dubi ƙanwar ubansa ya ce, Gwaggo, rawa kike yi? Na shiga ɗaki na kwanta, na yi ciwon kan da na ce ina yi.

Ban sake ɗana tarko ba. Na koma zauren na rubuta musu cewa tsarin da suka yaba ba ni kaɗai na yi ba, wani ne a gidanmu ya gyara. Suka ce waye, a gaishe shi. Na ce ban gan shi da idona ba. Suka ɗauka wasa nake. Na ci gaba da tsara kiɗa ina ajiyewa, wani a taɓa, wani a bar shi yadda yake. In an bar shi sai in ji kamar na ci jarrabawa, ko da yake wani lokacin nakan ce ƙila kiɗan ne bai yi wa mai gyaran ba.

Matata ta haifi 'ya mace. Gidan ya cika da mata da hayaƙin ruwan wanka, tabarmar ta koma saman sif. Da aka yi arba'in Gwaggo ta ɗaure kayanta ta ce in mai da ita. Na ɗauke ta a babur da hantsi, ƙullin kayanta a kan tanki. An riga an yanke gero, dawa ta sunkuya a gefen hanya. Mun yi nisa, sai na ji ta matso da bakinta kusa da kunnena saboda iska.

"Wannan na kalangun, na ƙarshen nan da ka yi."

Na rage gudu.

"Mai kiɗan yana ƙara sauri in ya kai tsakiya. Kai kuma muryar mai waƙar kake bi. Shi ya sa daga nan komai naka yake makara."

"Gwaggo, ya aka yi kika sani?"

"Kunne gare ni. Gidan naku wani girma gare shi? Kalli gabanka, ga rami nan."

Na kauce wa ramin. Muka isa Kausani. Ta sa aka kawo min fura, ta zuba min gyaɗa a buhu, ta ce in gaida mai jego, in kuma ce mata kada ta daina shan kunun kanwa.

Da na dawo na saka iyafis na kunna kiɗan, ina ƙwanƙwasa tebur da yatsa ina ƙirgawa. Wajen minti ɗaya da rabi mai kalangun ya fara jan gudu, kaɗan-kaɗan, yadda in ba ka sa kunne ba ba za ka ji ba. Sai da na yanka kiɗan gida shida, kowane gida da saurinsa, kafin kibiyoyin suka zauna a kan bugu. Kwana huɗu na yi ina wannan aikin, jaririyar tana kwance a cinyata rabin lokacin.